Kurakuran da sabbin 'yan jarida ke yi in sun zauna gaban ɗan siyasa

Makon jiya wani yaro da ke koyon aiki a hannuna ya dawo daga hira da wani kwamishina, baki har kunne, wai an ba shi minti 20 cur. Na karɓi rakoda na saurara. Tambayarsa ta farko: "Ranka ya daɗe, ko za ka shaida wa masu saurare irin nasarorin da ka samu tun hawanka wannan kujera?" Mutumin ya gyara zama, ya yi ta zuba har minti 7 ba a katse shi ba. Ta ƙarshe kuwa ita ce wadda kowa ya haddace: "Wane kira gare ka ga al'umma?" Shi kuma ya yi kira da a ci gaba da haƙuri da addu'a. Na tambayi yaron wane sabon abu ya samo wanda mai shayin bakin ofishinmu bai sani ba, sai ya yi shiru.

Wannan ce cutar farko, kuma kusan kowa da ita yake shigowa: tambayar da ba ta da haƙora. Ɗan siyasa ya riga ya ɗauki mai magana da yawunsa, yana biyansa albashi don ya lissafo nasarori, me ya kai ka yi masa aikin kyauta? Ni abin da na saba, ba na fita hira sai tambayata ta ɗauki ɗaya cikin uku: rana, wuri, ko adadin kuɗi. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru, kuma ana wallafa rabon kowane wata. To ka duba na jiharku kafin ka fita, ka ce: ga abin da kuka karɓa watan jiya, nawa ya tafi albashi, nawa ya tafi asibitoci? In shugaban ƙaramar hukuma ne, ka tuna masa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, sannan ka tambaye shi ko nasa yana faɗowa asusunsa, ko har yanzu sai ya bi ta hannun gwamna. In ana maganar albashi, mafi ƙarancinsa naira 70,000 ne a doka tun 2024. Malaman firamarensa nawa suke ɗauka?

Amma kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ni kaina na taɓa yi, wato rashin sauraren amsa. Za ka ga yaro ya rubuto tambayoyi takwas a takarda, mutum yana magana shi kuwa idonsa na kan ta gaba, yana jiran a yi shiru ya karanto. Ko da baƙon zai ce ya sayar da sakatariya, sai ka ji ya ce "to madalla" ya wuce.

Ina shekara ta biyu da fara aiki aka ba ni shirin siyasa na dare, kai tsaye. Na gayyaci wani shugaban ƙaramar hukuma. A tsakiyar magana ya ce babu mazaɓa ɗaya a yankinsa da bai haƙa wa rijiyar burtsatse ba, matsalar ruwa ta zama tarihi. Na ji shi sarai, amma hankalina yana kan tambayar da na shirya game da rikicin jam'iyyarsu, wadda nake ganin ita za ta sa a san ni. Na ce masa "Allah ya ƙara taimako", na wuce. Bayan kwana biyu aka ce ina da baƙo a bakin ƙofa. Wani dattijo ne, ya hau babur tun asuba daga ƙauyensu, ƙura ta rufe masa gemu. Bayan mun gaisa ya zaro robar ruwa daga aljihun babbar riga ya ɗora a kan bencin masu gadi. Ruwan ja ne wur, laka ta kwanta a ƙasan robar. Ya ce, "Ɗana, ga ruwan burtsatsen da kuka ce an haƙa mana. Ka sha." Na ce, "Baba, ai ba ni na faɗa ba, shugaban ne." Ya ce, "A bakinka muka ji, tun da kai ka sa masa albarka."

Shugaban sashenmu bai yi mini faɗa ba, ya dai cire ni daga shirin, na koma karanta sanarwar cigiya da ta rasuwa har wata huɗu. Abin da ya fi wannan ciwo, mutanen yankin suka daina ɗaukar wayata, ko gobara aka yi wani gidan rediyon suke kira. Kuma da na yi masa tambaya ɗaya tak, da ta cece ni: "Ranka ya daɗe, a wane gari, kuma yaushe aka ƙaddamar da ita?" Tun daga ranar ba na shiga hira da tambaya fiye da uku a rubuce, sauran daga bakin baƙon nake tsinto su. Duk inda ya ce "duka", ko "ko'ina", ko "nan ba da jimawa ba", a nan nake tsayawa. Wasu abokan aikina suna ganin wannan ganganci ne, su sai sun cika shafi. Ruwansu.

Yanzu bari in juyo kanku, masu cewa ku ba ku da ɓangare. Ku ɗauko rubutunku na wata guda ku duba. In gwamna ya yi magana, sai ku rubuta "ya bayyana" ko "ya tabbatar". In ɗan adawa ne, sai ku rubuta "ya yi iƙirarin" ko "ya yi zargin". Alhali dukansu ba wanda ya nuna muku takarda. Wa kuke yaudara? Mai saurare a ƙasar Hausa ba baƙon rediyo ba ne. Kakansa ya saurari BBC Hausa tun 1957, ya saurari Rediyon Kaduna tun shekarun 1960, kafin nan ma ana karanta masa Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Yana jin inda muryarka ta yi laushi da inda ta yi kaushi. Na taɓa jin mai gabatar da shiri ya katse ɗan adawa sau biyar cikin minti 10, washegari ya bar ɗan gwamnati yana karanto jawabi kamar ranar rantsuwa. Akwai kuma masu yin akasin haka a gidajen da mai su yake adawa, duk kanwar ja ce. Tun da gidaje masu zaman kansu suka fara buɗewa a Kano, irin su Freedom Radio a 2003, fili ya yalwata, sojojin baka suka samu wurin baje koli. Su an san aikinsu, an san wanda ke sayen musu lokacin. Abin kunya shi ne ɗan jarida ya koma sojan baka alhali yana riƙe da katin aiki.

Maganin da nake sha shi ne, kafin hira sai in tambayi kaina: da abokin hamayyarsa ne a kujerar nan, da waɗannan kalmomin zan yi masa tambayar? In amsar a'a ce, sai in sake rubutawa. "Ya ce" kuma ta ishi kowa, gwamna da ɗan adawa.

Tushen abin dai mun san shi, kuɗin mota ne. Ambulan ɗin da ake miƙo maka bayan taron manema labarai, ana cewa "ga na mai". Ba zan yi muku ƙarya ba, na san gidajen da ke wata da watanni ba su biya albashi ba, kuma yunwa ba ta jin wa'azi. Amma baki in ya ci, ido kan ji kunya. Ranar da ya kamata ka tambaye shi ina kwangilar titin nan ta kwana, harshenka zai yi nauyi. Ni dokata, ba na shiga motar ayarin wanda zan yi hira da shi, ko da zan hau a-daidaita-sahu in makara. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, ba a sa raka ayari a ciki ba.

Kada kuma wani ya ɗauka tsiwa ita ce jarumta. Ɗaga wa dattijo murya don a yanko bidiyon a sa a Facebook ba ya fito da gaskiya, sai ma ya ba shi damar fushi ya tashi ba tare da ya amsa ba. Ka ce "ranka ya daɗe", ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka maimaita tambayar a natse har sau uku in ya kauce.

Sauran ƙanana ne. Kada ka cusa tambaya uku cikin ɗaya, mai sauƙin zai zaɓa. "Wasu na cewa" mafakar matsoraci ce, in kana da wanda ya ce, ka faɗe shi. In hadiminsa ya nemi a turo tambayoyi tukuna, ka tura batun kawai. In ya ce magana tana kotu, ka tambaye shi wace kotu, wa ya shigar. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ba ma'aikatun tarayya kwana 7 su amsa buƙatarka, amma da wuya ka ga sabon ɗan jarida da ya taɓa rubuta wasiƙar ko sau ɗaya. Ka duba cajin rakoda tun a gida.

Yaron nan kuwa na sa shi ya zauna ya sake sauraren minti 20 ɗin, ya ciro duk inda kwamishinan ya ce "mun kammala". Ya samo guda huɗu. Biyu daga ciki makarantu ne da ba su da nisa da gari, don haka gobe da safe can zai fara zuwa ya gani da idonsa, kafin ya sake neman ganin kwamishinan.