Yadda ake gwada tasirin amino asid a kan insulin da gulukagon a jikin ɓera

Sukari ba shi kaɗai ke sa fankiriyas, wani sashen jiki da ke bayan tumbi, ya saki insulin ba, wato sinadarin da ke rage sukarin jini. Amino asid, wato ƙwayoyin da furotin ke narkewa ya koma, su ma suna taɓa shi, kuma kowanne da irin nasa aikin. Daga cikinsu, arjinin yana tayar da insulin da gulukagon (sinadarin fankiriyas da ke ɗaga sukarin jini) a tare. Lusin ya fi karkata ga insulin, alanin kuwa ga gulukagon. Ga yadda ake ganin hakan a ɗakin gwaje-gwaje.

Da farko sai a samu izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi. Daga nan a raba ɓerayen gida biyu, shekarunsu da jinsinsu ɗaya: wasu za a ba su amino asid, wasu ruwan gishiri zalla don kwatance.

A janye musu abinci na awa 5 zuwa 6, a bar musu ruwa. Kwana da yunwa ya yi wa ƙaramin ɓera yawa.

Matakin da na fi ba muhimmanci shi ne kwantar wa dabbar da hankali. Ɓeran da ya firgita jikinsa zai cika da adirenalin, sinadarin da jiki ke saki lokacin firgici, wanda ke danne insulin ya kuma ɗaga sukari, sai a wayi gari ana auna tsoro maimakon aikin arjinin. Don haka a riƙa ɗaukarsu a hannu kwanaki kafin gwajin har su saba. Wasu magungunan sa barci ma suna ɗaga sukari, shi ya sa ake gudunsu in da hali.

A ɗan tsaga ƙarshen wutsiya a ɗebi jinin farko. Sai a yi allurar arjinin a kogon cikin ɓeran, galibi giram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki. A sake ɗibar jini a minti na 2, 5, 15 da 30. Kada a yi sakaci da ɗibar mintocin farko, domin insulin kan yi tsalle ya sauko cikin 'yan mintoci.

Gulukagon ba ya jimiri, yana saurin lalacewa a jinin da aka ɗiba. A zuba jinin a kwalba mai EDTA (sinadarin hana jini daskarewa) da afurotinin (mai hana gulukagon lalacewa), a ɗora kan ƙanƙara nan take, a ware ruwan jinin, sannan a auna insulin da gulukagon da ELISA, wato gwajin da ke gano yawan sinadari a ruwan jini.

Wajen karanta sakamako a haɗa da matakin sukarin jini, saboda arjinin ba ya iya tayar da insulin sosai idan sukari ya yi ƙasa. In kuma ta baki aka ba da amino asid ɗin, hanji zai saki wani sinadari mai suna GLP-1 ya ƙara yawan insulin da ake saki, don haka ba a gwama wannan sakamakon da na allura.