Yadda nake dafa abincin biki ba tare da an kwana ana amai ba

Shekara 11 ke nan ina dafa abincin biki da suna a cikin garin Bauchi, amma har yau bikin 'yar yayata bai fita daga raina ba. A watan Afrilu aka yi shi, ana tsananin zafi. Mun sauke dafa-duka tun ƙarfe 9 na safe, muka ɗura a manyan kuloli muka jera a zaure, wasu ba a buɗe su ba sai bayan isha'i da aka dawo daga kai amarya. Kafin asuba mata da yara sun fara amai. Nan da nan zance ya tashi wai an zuba wani abu a tukunya, har aka fara yi wa wata baiwar Allah kallon zargi, ita da ba ta ji ba ta gani ba. Babu wanda ya zuba komai. Shinkafar ce ta daɗe, kuma ni na bar ta ta daɗe.

Ma'aikaciyar jinyar da ta duba yaran ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da take zuwa tare da ɗanyar shinkafa, kuma tafasa ba ta kashe irinta. Da zarar shinkafa ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, sai ƙwayar ta farka ta hayayyafa ta saki dafi. Wannan dafin ɗumame ba ya karya shi, ko da kin mayar da tukunyar wuta ta yi tururi. Kuma ba lallai ne shinkafar ta yi tsami ko yauƙi ba, don haka sansanawa ba ta gaya miki komai. Amai yakan fara cikin awa 1 zuwa 6 bayan an ci.

Tun daga ranar na daina kallon tukunya kaɗai, na koma kallon agogo. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. A zafin Maris da Afrilu irin namu, ni awa 1 nake ba shi. Kafin na ɗora sanwa sai na tambayi uwar biki, “Hajiya, ƙarfe nawa za a ci?” Daga nan nake lissafin lokacin da zan hura wuta. In akwai cin rana da cin dare, girki biyu nake yi. Ana ƙorafin kuɗin itace, ina kuma tsayawa a kan bakana.

Kula kuwa mun ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Ki ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, ki zuba abinci da zafinsa, ki cika ta, ki rufe, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. In kin buɗe tururi bai bugi fuskarki ba, a ci yanzu. Abin da ya rage a baza shi a faffaɗan tire ya huce da sauri, a saka a firji, in har akwai tabbacin wuta. In babu, a rabar da shi nan take da zafinsa. Ina roƙon ku da Allah, a daina ajiye ragowar shinkafar biki sai washegari a miƙa wa almajirai. Cikinsu irin na 'ya'yanmu ne, kuma in ya ɓaci ba su da mai kai su asibiti.

Ɗanyar kaza da nama suna da wuƙarsu, katakonsu da robarsu daban, ba sa haɗuwa da na kayan salak. Kafin ki sauke kaza ki tsaga cinya har ƙashi, in akwai alamar jini ta koma wuta. Latas da kabejin da nake sayowa a kasuwar Muda Lawal ganye-ganye nake wanke su da ruwa mai tsabta, kuma ba na zuba ƙwai da Bama sai an zo ci. Zoɓo da kunun aya da tafasasshen ruwa nake haɗa su, ƙanƙara kuma a gefen robobi take zama, ba a ciki ba, don ban san ruwan da aka yi ta da shi ba. Duk wanda ya ga kwalarar da aka yi a jihar nan a 2021 ba zai yi wasa da ruwa ba.

Masu taya ni aiki sun san doka: buta kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da sabulu, ana cuɗawa kamar daƙiƙa 20, musamman bayan ban-ɗaki da wanke wa yaro kashi. Mai rauni a yatsa ko mai gudawa ba ta taɓa abinci ranar, kuma da cokali ake raba nama.

Idan abin ya riga ya faru, ƙarewar ruwan jiki ce abin tsoro. A haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda mai mayar da ruwan jiki, yadda aka rubuta a jikin ledar. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffu ba tsororo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, yara kuma a nema musu ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Kada a ruga kemis a sayo wa yaro maganin tsayar da gudawa ba tare da likita ya gani ba. In aka ga jini a bayan gida, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun zurma, fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana shan komai, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Jariri, tsoho da mai juna biyu kuwa ba a jira sai alamun sun kai haka.