Yadda za ki gane ko tallarki tana kaiwa wajen masu siya

Da yawanmu in muka biya Facebook kuɗi aka ɗaga mana talla, da mun ga an rubuta mutum 10,000 sun gani sai murna, alhali ba mu san su waye 10,000 ɗin ba. Lissafin da zai warware wannan shi ne yiwuwa mai sharaɗi, wato idan kaza ya tabbata, mene ne yiwuwar kaza. Shi ne tushen ka'idar Thomas Bayes ɗan Ingila wadda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa, kuma kalkuletar waya ta ishe ki.

Da farko ki tsayar da wa kike nema. A ce turaren wuta da humra kike sayarwa, kina son mata 'yan shekara 20 zuwa 40 a cikin Kano.

Sai ki shiga Ads Manager, wato shafin da Facebook ke nuna sakamakon talla, ki raba sakamakon ta jinsi da shekaru da jiha. Mu ɗauka cikin 10,000 ɗin nan 6,000 ne matan da kike nema, ki raba 6,000 da 10,000, ya ba ki kashi 60 cikin 100. Ma'ana duk wanda ya ga tallar, yiwuwar naki ne kashi 60.

To amma fa a nan ake ruɗewa, don akwai tambaya ta biyu wadda ita ce ta farkon a juye: cikin matan da kike nema gaba ɗaya, nawa ne suka gani? In ƙiyasin da Facebook ya nuna miki lokacin saita tallar ya ce su 200,000 ne, 6,000 a cikin 200,000 kashi 3 ne kacal. Kin ga tallar ta nufi inda ya dace amma ko ina ba ta je ba, nan ƙarin kuɗi ko ƙarin kwanaki take so, ba canjin saiti ba. Da ta farkon ce ta fito kashi 15 kuwa, to kuɗinki ne ke tafiya wajen samari a Legas, saitin za ki gyara kafin ki ƙara ko sisi.

Ni dai ban yarda a tsaya kan lambobin Facebook kaɗai ba, don mutane na sa shekarun ƙarya, wata ma da wayar mijinta take hawa. Duk kwastomar da ta yi miki magana a WhatsApp ki tambaye ta a ina ta ga kayan, ki rubuta a littafi, ƙarshen wata ki ƙirga nawa suka zo ta tallar kuma cikinsu nawa suka siya.