Dabarar ɗan yatsa ga masu shirin WAEC da JAMB a Jos

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Idan tambayar Turanci ta ce ku zaɓi "is" ko "are", ku sa ɗan yatsa ku rufe duk abin da ya fara da "of", "with" ko "as well as" tsakanin aikau (subject, abin da ake magana a kansa) da aikatau (verb, wato "is" ko "are" ɗin). Sai ku karanta abin da ya rage.

Misali: "The basket of tomatoes is heavy." Ku rufe "of tomatoes", kwando kaɗai ya saura, tilo ne, don haka "is".

Dalili kuwa, kunne yana bin sunan da ya fi kusa da aikatau. Ya ji tumatir jam'i, sai ya ja hannunku zuwa "are". Masu tsara tambaya sun san wannan sarai, da gangan suke ajiye jam'in a wurin.

Amma a kula, dabarar ba ta ci a wuri uku. "A number of students" yana ɗaukar "are", alhali "the number of students" yana ɗaukar "is". Bayan "some of" ko "half of", sunan da ya biyo baya ne ke hukunci: ruwa "is", littattafai "are". A "neither... nor" kuma, na kusa da aikatau ake bi, kada ku rufe komai.

Wannan ba sai an biya kuɗin darasi ba. Ku nemi littafin tsofaffin tambayoyi a Taminus, ku riƙa gwada goma kullum bayan la'asar, da fensir a hannu.