Idan Guguwar Farkon Damina Ta Same Ku a Gida Ku Kaɗai

A Kaduna, iskar da ke yaye rufi ta fi zuwa a watan Afrilu da Mayu, gabanin ruwan farko. Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi tsit, sai sanyi ya buso, ƙura ta turnuƙe. Daga nan zuwa ƙarfin iskar 'yan mintoci ne. Saboda haka, Baba da Inna da ke zaune ku kaɗai, duk aikin da za a yi tun kafin ranar ake gama shi.

Ku fara da rufi, tun a watan Maris. Ku kira kafinta ya hau, kada ku hau da kanku. Ya duba bakin kwano da kusurwoyi, domin nan iska ke fara ɗagawa. Ƙusar da ta saki a cire a buga mai hula, katakon da gara ta ci a canza shi, domin ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen katako. Ya kuma duba langa-langar da ta ɗaure katakon rufi da bango. In ta yi tsatsa, rufin na iya tashi gaba ɗaya. Bulo da duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake ɗorawa a kan kwano a sauke su. Ba sa riƙe komai in iska ta yi ƙarfi, kuma sukan ɓarke silin su faɗo kan mai gida. Reshen darbejiya ko mangwaro da ya rufa kan ɗakin kwana a sare. Tankin sama ya zauna cike, wanda babu ruwa ciki shi iska ke jefarwa.

A gefen gado ku ajiye tocila da batir, waya mai caji da kati, rediyo don jin hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da maganin mako guda: na hawan jini, na suga, da abin shaƙa ga mai asma, domin ƙurar gaban hadari tana tayar da ita. Ruwan sha a zuba a gorori na lita ɗaya da rabi kamar shida. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, ba abin da dattijo zai ja cikin duhu ba. In banɗaki a tsakar gida yake, ku shigo da buta da bokiti da fo tun da yamma.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne maƙwabci ɗaya da kuka yi magana da shi ƙarara: yana da mabuɗi na biyu, kuma da iska ta lafa zai ƙwanƙwasa ko ba ku kira ba. Lambarsa da ta 'ya'yanku da 112, lambar kiran gaggawa, a rubuta da manyan baƙaƙe a manna a bango. Usur ma a rataye kusa, yana kai inda murya ba ta kai.

Da iska ta fara, ku rufe ƙofofi da tagogi ku sa sakata, musamman na gabas. In iska ta sami hanya ta shiga ɗaki, tana tura rufi ta ƙasa yayin da ta sama ke fizgarsa. Ku zare firji da talabijin daga soket. Ku zauna a ɗakin da ya fi ƙarancin taga, nesa da gilashi da katanga mai tsaga. In kun ji kwano na ɗagawa, ku koma lungu ko ƙarƙashin teburi mai ƙwari, ku kare kai da matashi.

Kada ku fita, komai dalili. Shanya, kaji, akuya, kwanon da ya tashi, duk a bar su. Nan ne manya ke jin ciwo: ƙofar ƙarfe ta datse yatsu, ko iska ta ture mutum ya faɗi kan siminti, kuma karayar ƙugu a shekaru saba'in tana iya kwantar da mutum watanni. Masallaci ma, shari'a ta yi rangwamen yin salla a gida a daren iska da ruwa. Kyandir kada a kunna. Janareta da murhun gawayi kada su shigo ɗaki a rufe, hayaƙinsu yana kisa ba tare da mutum ya farga ba.

Bayan iskar ta wuce, ku jira gari ya waye kafin ku zagaya gida, da takalmi rufaffe mai kauri, ba silifa ba. Tsakar gida kan cika da ƙusa da yankakken kwano, kuma mai ciwon suga yana iya taka ƙusa bai ji ba. Wanda ƙusa ta soka ya wanke da ruwa da sabulu, ya je asibiti ranar a duba batun allurar tetanus. Wayar lantarki da ta faɗo ku ɗauka akwai wuta a jikinta ko da unguwa duhu ce. Ku nisance ta da kamar mita 10, a sanar da kamfanin wuta. In rufi ya tafi, ku sa wani yaro ya ɗauki hoton ɓarnar, a kai wa mai unguwa don ya isar ga hukumar agajin gaggawa ta jiha, ku kuma kwana wajen dangi har a gyara, domin silin da ya sha ruwa yana iya ruftowa.