Tabar Wiwi a Ƙasashen da Doka Ta Halatta: Yadda Baligi Zai Kauce wa Haɗarinta

Ƙasashen da suka halatta wa manya shan wiwi don nishaɗi kaɗan ne. A mafi yawan duniya, kama mutum da ita ko da ƙulli ɗaya laifi ne da ke iya kai shi kurkuku. Inda aka halatta ɗin ma ba sakin layi aka yi ba, kowace ƙasa da iyakarta. Saboda haka matakin farko shi ne sanin dokar wurin da kake tsaye, ba dokar da ka ji a bakin wani ba.

Yurugwai ce ta fara a shekarar 2013, amma 'yan ƙasa da mazauna da suka yi rajista kaɗai ake sayar wa, giram 40 a wata. Baƙo ba ya samu. Kanada ta bi baya ranar 17 ga Oktoba 2018: baligi zai iya riƙe giram 30 na busasshen ganye a bainar jama'a, shekarun kuwa 19 ne a yawancin larduna, 18 a Alberta, 21 a Kubek. Jamus ta buɗe ƙofa ranar 1 ga Afrilu 2024 ga mai shekara 18 zuwa sama: giram 25 a waje, giram 50 a gida, shuka uku, kuma an hana sha a kusa da makarantu da filayen wasan yara. A Amurka abin ya fi rikitarwa. Jihohin Kolorado da Washington sun amince a 2012, wasu da dama sun biyo su, shekarun kuma 21 ne, amma dokar tarayya ba ta halatta shan nishaɗi ba. Abin da ka saya bisa doka a jiha ɗaya yana iya zama laifi da zarar ka shiga jihar da ke maƙwabtaka da ita.

Doka ɗaya ce ba ta canzawa: kada ka tsallaka iyakar ƙasa da ita. Ko daga Kanada ka fito, fita da ita laifi ne, shiga da ita ma laifi ne. Kafin tafiya ka zazzage jaka da aljihu sosai.

Waɗanda bai kamata su taɓa ta ba

Halaccin doka ba ya nufin jikinka zai ɗauka. Mai ciki da mai shayarwa su nisance ta, domin THC, sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, yana kuma fita a nono. Haka duk wanda ya taɓa samun taɓin hankali, ko akwai shi a danginsa na kusa, musamman cutar da ke sa mutum jin muryoyi ko ganin abin da babu: wiwi mai ƙarfi tana iya tayar da ita. Mai ciwon zuciya shi ma ya haƙura, don tana ƙara bugun zuciya cikin mintuna. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, don haka jinkirtawa ya fi ko da doka ta ba ka dama tun kana 18. Idan kana shan maganin barci, na damuwa, ko na tsinka jini irin warfarin, ka tambayi likita tukuna.

Karanta abin da ke jikin fakiti

Amfanin saye a shago mai lasisi shi ne an gwada kayan, an kuma rubuta ƙarfinsu. Lambobi biyu za ka nema. THC shi ne mai sa maye. CBD kuwa wani sinadarin ne na wiwi da ba ya bugarwa. Idan an rubuta THC kashi 20 cikin 100, ma'anarsa giram ɗaya na ganyen yana ɗauke da miligiram 200 na THC. Wannan mai ƙarfi ne. Sabon shiga ya tsaya a kashi 10 ko ƙasa da haka, ya kuma zaɓi wanda CBD ɗinsa ya kai THC yawa ko ya fi. Tatattun nau'o'i masu kama da danƙo ko kaki suna kai kashi 60 zuwa 90. Waɗannan ba na mai farawa ba ne sam.

Kayan bayan fage fa? Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka, dubban mutane sun kwanta asibiti da ciwon huhu, fiye da 60 suka mutu, kuma bincike ya danganta yawancin lamarin da wani mai na bitamin E da ake gaurayawa a ruwan wiwi na zuƙa da sigarin lantarki da ake sayarwa a ɓoye. Akwai kuma ganyen da ake fesa wa sinadaran da aka haɗa don kwaikwayon wiwi ana kira Spice ko K2. Ba wiwi ba ne, kuma yana jawo farfaɗiya da mutuwa.

Zuƙa da ci ba ɗaya ba ne

A nan ne yawancin matsala take faruwa. Idan aka zuƙa, THC yana wucewa daga huhu zuwa jini nan take. Ana jin sa cikin daƙiƙu ko mintuna kaɗan, ya kai ƙololuwa cikin kusan rabin awa, ya lafa cikin awa biyu zuwa shida. Ƙa'idar mai sauƙi ce: zuƙa ɗaya ko biyu, sai ka ajiye, ka jira minti 15 zuwa 30 ka ga yadda jikinka ya karɓa. Riƙe hayaƙi a ƙirji ba ya ƙara komai sai dauɗa a huhu. Gauraya ta da taba kuma yana ƙara maka jarabar nikotin a kan wadda kake gudu.

Ci daban ne. Alawa, cakulan, biskit ko abin sha mai THC sai sun bi ta ciki, sannan hanta ta juya sinadarin zuwa wani nau'i da ake kira 11-hydroxy-THC, wanda ya fi saurin shiga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ba a jin komai sai bayan minti 30 zuwa awa biyu, cikakken ƙarfinsa na iya ɗaukar awa huɗu kafin ya bayyana, mayen kuma ya kai awa 12. Kuskuren da aka fi yi ke nan: mutum ya ci, minti 40 su wuce bai ji komai ba, ya ce ai ba ta da ƙarfi, ya ƙara. Daga baya na farko da na biyu su haɗu su danne shi lokaci guda.

Don haka ka fara da miligiram 2.5 na THC, kada ka wuce 5. A Kanada fakitin abin ci ba ya wuce miligiram 10 gaba ɗaya, to kashi ɗaya cikin huɗu za ka gutsura. A Kolorado kuwa fakiti ɗaya na iya ɗaukar miligiram 100, an raba shi gida goma. Wanda ya cinye shi duka ya ci ninki 40 na abin da ya dace da mai farawa. Bayan ka ci, kada ka ƙara sai awa huɗu sun cika. Mafi kyau ma ka bar shi sai wata rana. Abin da aka dafa a gida ba shi da tabbas, don man ba ya gaurayuwa daidai, wani yanki ya fi wani ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kada ka haɗa da barasa. Tana ƙara yawan THC da ke shiga jini, sai jiri da amai su biyo baya. Ka kasance a wurin da ka sani, tare da wanda ka yarda da shi kuma bai sha ba, a ranar da ba ka da aiki ko renon yara.

Idan ta yi yawa

Alamomin su ne faɗuwar gaba, bugun zuciya da sauri, gumi, tashin zuciya, tsoro mara dalili, da jin kamar ana bin ka. Ka zaunar da mutumin a wuri mai shiru da iska, ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ka riƙa tuna masa cewa abin zai wuce. Idan barci ya ɗauke shi, a kwantar da shi ta gefe saboda amai, kada a bar shi shi kaɗai. A kira motar asibiti idan akwai ciwon ƙirji, wahalar numfashi, farfaɗiya, amai da ya ƙi tsayawa, ko an kasa tashe shi. A gaya wa ma'aikatan lafiya gaskiyar abin da ya sha da adadinsa.

Yaro da ya haɗiye alawar wiwi kuwa, asibiti kai tsaye, ko da yana wasa kamar lafiyarsa ƙalau. Jikin yaro ƙarami ne, adadin da zai sa babba dariya yana iya danne masa numfashi. Ajiya a cikin fakitinta na asali, a akwati mai makulli, nesa da kayan abinci. Karnuka ma suna ci su galabaita.

Tuƙi da aiki

Bayan zuƙa, a ƙalla awa shida kafin ka taɓa sitiyari ko inji. Bayan ci, ka bar tuƙi sai washegari. Jin cewa ka warware ba hujja ba ce, don saurin taka birki yana dawowa ne bayan mayen ya tafi. A Kanada laifin yana farawa daga nanogiram 2 na THC a kowace mililita ta jini, hukuncin ya tsananta daga 5. A Jamus iyakar 3.5 ce. Wurin aiki ma yana da ikon hanawa, kuma gwajin fitsari yana nuna ta kwanaki bayan sha, har wata guda ga mai sha kullum.

Jaraba gaskiya ce. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha yana kamuwa, ɗaya cikin shida ga waɗanda suka fara tun suna samari. Abin da ya fi jawo ta shi ne sha kullum da zaɓen mai ƙarfi, don haka sau ɗaya ko biyu a mako shi ne iyakar da masana lafiya ke ba da shawara. Idan ka ga adadin jiya ba ya isar ka yau, ko ba ka iya barci sai da ita, ka dakata na makonni. Fushi, rashin barci da rashin cin abinci za su zo a kwanakin farko, su ragu cikin kusan mako biyu. Mai sha na shekaru da ya fara amai akai-akai, wanda wanka da ruwan zafi kaɗai ke lafar masa, ya ga likita: wiwin ce ke jawo shi, kuma dainawa ce kaɗai ke warkar da shi.