Yadda za ka magance ƙuncin rai a lokacin sanyin Ingila

Ba sanyi ne ya fi karya baƙo a Ingila ba, duhu ne. A Landan, ƙarshen Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, inda ko hazo ya turnuƙe gari rana na nan, sai ya ga barci ba ya isarsa, jiki ya mutu, ga kwaɗayin zaƙi, ga gudun mutane. Ba lalaci ba ne. Ƙarancin haske ne ke rikita tsarin barci da walwala, likitoci kuma suna kiran matsalar SAD, wato ƙuncin rai mai zuwa da sauyin yanayi.

Da farko, ka nemi haske ido rufe. Gari na wayewa ka yaye labule, ka fita ka taka na minti 30, ko da hadari ya rufe sama. Hasken waje ya ninka na ɗaki nesa ba kusa ba. Idan safiya ta kuɓuce, ka fita tsakanin azahar da la'asar. Kada ka ce sai anjima, domin a Disamba tazararsu ba ta cika awa biyu ba.

Na biyu, idan da hali ka sayi fitilar SAD mai ƙarfin lux 10,000 (lux ma'aunin haske ne). Ka ajiye ta a gefe kana karin kumallo, minti 20 zuwa 30, ba tare da ƙura mata ido ba. Da safe kawai, kada ta hana ka barci. Mai ciwon ido ya fara tuntuɓar likita.

Sai bitamin D. Hukumar lafiya ta NHS na ba da shawarar maikirogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, mu masu baƙar fata kuma har shekara ta zagayo.

Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har Asabar da Lahadi. Komawa bargo bayan asuba akwai daɗi, amma shi ke cinye ɗan hasken da ake da shi.

Kada ka kulle kanka. Je Juma'a, gayyaci 'yan uwa ku tuƙa tuwo, kira gida ta bidiyo.

Idan ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana ka karatu ko aiki, je wurin likitanka na GP, wato likitan unguwa da ka yi rajista da shi. In kuwa tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka, kira Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa, a 116 123, kyauta ne dare da rana, ko 999 idan abin na gaggawa ne.